Ranar da Na Hana Baba Kan Jikansa

Abba, kai ka jawo wannan babin, don haka kai za ka fara karanta shi, sannan ka miƙa wa ƙannenka Sadiya da Mubarak. Ranar da ka dawo daga ɗaurin auren jikar Yaya Garba a Ƙofar Wambai, ka zauna kusa da ni kana ta juya hula a hannu, can ka tambaye ni wai da gaske ne ni na tsinka kakanku a gaban jama'a, na raba shi da sana'arsa, har baƙin ciki ya kwantar da shi. Ban amsa maka ba a lokacin, don da na buɗe baki da abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba. Na tsufa, na ajiye aiki, amma har gobe in aka taɓo wannan maganar sai in ji zuciyata ta tafasa. An daɗe ana ba da labarin nan a zaurukan danginmu, kowa ya ƙara masa gishiri ya miƙa wa na gaba, ni kuwa da aka yi abin a kaina ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni yadda aka yi. To yau ga nawa.

Kun san gidanmu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Mahaifina, Malam Yunusa Wanzam, shi ne babban wanzamin unguwarmu, kuma ba don ubana ba ne, ban taɓa ganin hannu mai sanyi irin nasa ba. Yakan yi wa jariri askin suna ya gama yaron bai ko farka daga barci ba. Kaciya, ƙaho, cire beli, duk shi ake nema, har daga ƙauyuka a turo babur ya ɗauke shi. Na tashi ina wasa masa aska, ina riƙe masa zabira, jakar fatar da yake zuba kayan aikinsa, sai boko ya ɗauke ni, yayana Garba ya zauna a gindinsa ya gaji sana'ar. Da na dawo Bauchi bayan doguwar tafiyar karatu da shaidar cewa ni likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, 'yan unguwa suka kasu biyu a kaina. Wasu suka ce likitan mahaukata ne, wasu suka ce wanzamin Bature. Baba kuwa dariya ya yi har da buga cinya, ya ce ashe duk wannan wahala kan mutane na sake komawa, da na zauna a gida ai da ya koya mini a sauƙaƙe. Wannan dariyar tana cikin na ƙarshe da na gani a fuskarsa.

A shekarar da aka haife ka na fara lura da hannunsa na dama. In yana zaune a zaure ya ɗora shi a kan gwiwa, sai babban yatsa da manuni su riƙa murza juna a hankali ba tsayawa, kamar mai jan carbi alhali babu carbi a hannun. In ya tashi tafiya, hannun ba ya kaɗawa, yana manne da jikinsa. Takunsa ya gajarce, muryarsa ta yi ƙasa, fuskar nan mai fara'a ta fara daskarewa. Ni kuwa wannan shi ne ainihin abin da na je na karanto, kuma shi na fara bincike a kansa. Ciwon karkarwa ne, wanda a asibiti muke kira Fakinsin. Wani ɗan wuri ne can cikin ƙwaƙwalwa, mai sarrafa motsin jiki, yake lalacewa sannu a hankali. Ciwon yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mutane. Hannu yana rawa ne lokacin da yake hutawa, da zarar mutum ya miƙa shi zai ɗauki abu sai rawar ta tsaya cak. Amma in ya riƙe abin wuri ɗaya na ɗan lokaci, sai ta dawo ba sallama. Kuma ba rawar ce ma babbar illar ba, nauyin jiki ne da sanƙarewa. Hannu ya ƙi tafiya lokacin da mai shi ya ce tafi, ya makara lokacin da ya ce tsaya.

Abin da na gani a matsayin ciwo, unguwa ta gan shi a matsayin karama irin ta waliyyai. Ban san a bakin wa maganar ta fara ba, amma na san bakin da ya yaɗa ta. Na shigo zaure wata Juma'a na tarar da shi cike da baƙi, Yaya Garba ya durƙusa gefen Baba yana nuna musu hannun kamar mai tallan haja.

"Ku duba da idonku," in ji shi. "Yatsun Baba zikiri suke yi da kansu, dare da rana. Yanzu ku ga ikon Allah."

Ya zaro aska daga zabira ya miƙa masa. Baba ya miƙa hannu ya karɓa, rawar ta ɗauke. Zaure ya kaure da kabbara. Wani tsoho ya matso ya shafi hannun ya shafa a fuskarsa. Daga nan aka shiga cewa duk jaririn da wannan hannu ya taɓa ya sami tubarraki. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana yi wa jama'a hidima da gwaninta, ba a taɓa cika masa zaure haka ba sai da ya kamu da ciwo. Mata masu ciki suka riƙa aiko da saƙo tun ba su haihu ba, a ajiye musu ranar Baba. Na tsaya a bakin ƙofa da jakar aikina a hannu, takaici ya hana ni ko yin sallama da ƙarfi.

Bayan baƙi sun watse na ja Yaya gefe, bayan katangar masallaci, na yi masa bayani dalla-dalla yadda zan yi wa ɗan uwan majinyaci. Ya saurare ni yana sakace haƙori da tsinke.

"Ka gama, Likita? To kai duk abin da ka gani sai ka sa masa sunan Turawa. Allah ya ɗaukaka tsoho a ƙarshen rayuwarsa, kai kuma ka ce ciwo ne. Hassada har da uban da ya haife ka?"

"Yaya, ba hana shi zama a zaure nake so a yi ba. Ya zauna ya sa albarka, kai ka riƙa yin aikin. Hannunka lafiya lau."

"Ni suka zo nema? Wa ya san Garba? Hannun Baba suka zo nema."

A nan na gane inda maganar ta dosa. Yaya wanzami ne mai kyau, amma ya rayu a inuwar Baba ba wanda ke kiran sunansa. Yanzu ya zama mai tsaron ƙofar waliyyi, manya suna neman alfarma a wajensa, ana kiransa Malam Garba. Ba zai saki wannan ba don ƙaninsa ɗan boko ya ce akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da ya lalace.

Ba a jima ba abin da nake tsoro ya auku. Wata safiya ina duba majinyata sai wata sista daga ɗakin yara ta leƙo ta ce in zo, da magana. Ta kai ni gadon wani jariri, fari fat kamar an wanke shi, ana ƙara masa jini. Daga ƙauyen Miri aka kawo shi, iyayensa manoma ne. An je cire masa beli, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, sai ƙarfe ya zame ya tsaga gindin harshe. Sun yi ta danna masa magani a gida har jini ya kusa ƙarar da shi. Na tambayi uwar wane ne ya yi aikin. Yarinya ce ƙarama, idonta ya kumbura don kuka, ba ta san ko ni wane ne ba.

"Tsohon nan ne mai zikiri a hannu, na cikin gari. Ai ba laifinsa ba ne, Likita. Ɗansa ya ce yaron ne ya motsa."

Sistar ta sunkuyar da kai, don ita ta san ɗan waye ni. Yaron ya rayu, Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma ku ji yadda aka riga aka gyara labarin tun kafin jini ya tsaya: wai jariri ɗan kwana bakwai ne mai laifi. Ni dama can ban yarda da cire beli ba, kuma na sha faɗa wa Baba, amma wancan faɗa ne na daban, na tsawon rayuwa. Wannan kuwa na gaggawa ne. Babban likitan da ke sama da ni, da na kai masa maganar, cewa ya yi in bi a hankali, sha'anin gida ne, sha'anin al'ada, kar in jawo wa asibiti surutu. Sai ka ce surutu ne ake ƙara wa yaron nan ta jijiya.

Da yamma na tafi wajen Baba. Na same shi shi kaɗai a turakarsa bayan la'asar. Na tsuguna na gaishe shi, na gaya masa na ga yaron Miri. Na roƙe shi ya ɗauki aska. Ya ɗauka, hannun ya tsaya.

"Ka gani?" in ji shi, da 'yar siririyar muryar da ta rage masa.

"Na gani, Baba. Don Allah riƙe ta haka a sama, kamar kana cikin bakin yaro. Kar ka sauke."

Ya riƙe. Muka zuba wa askar ido, ni da shi. Ba a daɗe ba bakinta ya fara kaɗawa, kaɗan-kaɗan, sannan sosai, har hasken taga yana wasa a jikin ƙarfen. Ya ajiye ta a kan buzu a hankali.

"Na sani, Hamisu. Na riga ka sani. Hannuna ne."

"To Baba, a huta mana. Akwai magani, zai sassauta maka ƙwarai. Amma bakin yara kam a bari."

"Mutane suna tasowa tun daga Miri, tun daga bayan dutse, da jariri a goye. In ce musu me? In ce ƙarya ake yi, ba zikiri ba ne, lalacewa na yi?"

Wannan ita ce maganar da ba ta cikin labarin da aka ba ka, Abba. Kakanka ya san ba shi da lafiya, kuma a ransa yana son ya ajiye. Yabon mutane ne ya ɗaure shi, kuma ɗansa na fari ne ke riƙe da igiyar. Duk waɗanda ke cewa suna girmama shi, babu wanda ya dubi tsohon nan ya ga yadda yake fama kafin ya miƙe daga zaune, ko yadda Inna, mahaifiyarmu, take ɓalla masa maɓallin riga da safe. Hannun kawai suke kallo. Na bar masa magani a wajen Inna, washegari Yaya ya ɗauke ya ɓoye, wai kar a kashe baiwar da Allah ya yi wa gidan.

Ana cikin haka aka haife ka. Uwarku ta tafi wankan gida wajen iyayenta a unguwar Wunti, gidan mahaifinta Alhaji Bala tela, can za a yi suna. Na riga na gaya wa Baba sunansa zan sa maka, shi ya sa har yau ake ce maka Abba. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san wa zai yi askin suna. Jikan babban wanzami, mai sunansa, wa ya isa ya taɓa kansa in ba shi ba? Ana jibi suna na sake samun Yaya, na ce shi ya yi askin, beli kuma a bar maka abinka. Ya ce in shi ya yi, ai an sanar da duniya ke nan cewa Baba ya gaza, kuma ya riga ya gayyato mutane su zo su ga hannun zikiri a kan jikansa. Na koma wajen Inna, ta ce ita mace ce, me za ta ce a maganar aska. Na je wajen Goggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ake jin maganarta a gidan, ta ce in rufe bakina kar in jawo wa kaina baƙin jini. Uwarku kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure ta, ba ta iya ko kallonka in da mutane, balle ta yi magana a kanka. Da na shiga duba ta, ta jira har ɗaki ya yi shiru, ta juya fuska ga bango ta ce:

"Na ji labarin yaron Miri. Ni ba ni da baki a nan. Kai ke da shi."

Ranar suna, bayan an idar da asuba aka raɗa maka suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji Bala. Ban taɓa ganin taron askin suna irin wannan ba. Teloli sun bar kekunansu, masu shaguna sun fito, wasu har a kan katanga. Baba ya iso yana jan ƙafa, Yaya na biye da zabira a kafaɗa. Da ƙyar aka zaunar da shi. Ya ɗora hannu a gwiwa, yatsun suka kama aikinsu, aka fara salati ƙasa-ƙasa. Yaya ya jera kayan aiki a kan fata, aska da ɗan ƙarfen cire beli da 'yar sandar danne harshe. Goggo Asabe ta fito da kai daga cikin gida nannaɗe cikin zane, ta nufi Baba.

Kun san a al'adarmu uba ba ya ɗaukar ɗansa na fari a gaban mutane, balle a gaban mahaifinsa da surukinsa. Ni ma da wannan kunyar aka raine ni, kuma na ji nauyinta a ƙafafuna. Amma na tuna launin yaron Miri. Na miƙe na tare Goggo, na karɓe ka daga hannunta. Don mamaki ma ba ta ja ba.

"Kai, Hamisu, lafiyarka? Miƙa wa Baba yaro," in ji Yaya.

"Ba zan miƙa ba, Yaya. In aski ne, kai ka yi, ga shi. Bakinsa kuwa ba mai taɓawa."

"A gaban mutane za ka yi mana haka?"

"Na same ka a ɓoye ka ƙi ji. Kai ka tara mutanen."

Wani dattijo cikin baƙi ya ce, haba Likita, wannan hannu da ake tasowa daga nesa don shi, kai da yake gidanku za ka hana ɗanka? A nan ne na faɗi maganar da aka riƙe ni da ita har yau. Ban ɗaga murya ba, ko da yake an ce na yi ihu. Ban ce Baba ya lalace ba, ko da yake an ce na faɗa. Cewa na yi:

"Jama'a, mahaifina ba shi da lafiya. Wannan rawar da kuke gani ba zikiri ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Ya yi muku aiki tun kafin a haifi yawancinku. Ku ji tausayinsa ku bar shi ya huta."

Goggo Asabe ta ɗora hannu a ka ta fasa salati, ta ce boko ya cinye ni, na tona wa ubana asiri a ƙofar surukai. Alhaji Bala ya rasa inda zai sa idonsa. Ni kuwa Baba kawai nake kallo. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi zanen da kake ciki. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, ba fushi, ba kunya, ba sauƙi. Can ya ce, da muryar da sai na kusa suka ji:

"Ka ba shi sunana, ka hana ni kansa."

Ya yunƙura zai tashi, jiki ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, ƙafafun suka kafe a ƙasa kamar an dasa su. Duk taron nan suna kallo, masu salati da masu shafar hannu, babu wanda ya matsa. Sai da na miƙa ka ga wata mata na kama shi ta hammata na ɗaga shi. Bai ture ni ba, bai kuma riƙe ni ba. Yaya ya tattara kayansa ya zuba a zabira suka tafi. Wani wanzamin Wunti ne ya yi maka aski washegari a cikin gida, ina tsaye a kansa.

Abin da ya biyo baya ba zan ɓoye muku ba, ya yi tsada. Zaure ya watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Waɗanda jiya suke shafar hannun Baba, yau ko gaisuwa ba sa tsayawa yi, don ba shi suke so ba tun farko, abin mamaki suke so, da ya ƙare suka kama gabansu. Amma laifin wannan ma a kaina aka ɗora. Yaya Garba ya daina amsa sallamata, har ya koma ga Allah gaisuwarmu ba ta wuce ta jana'iza da ta idi ba. Goggo ta hana 'ya'yanta taka gidana. Uwarku ta sha habaici a gidajen biki har ta daina zuwa. In na ratsa unguwa sai in ji ana cewa ga wanda ya kashe wa ubansa kasuwa. Ba wanda ya ƙirga yaran da aka daina sa musu ƙarfe a baki da hannu mai rawa, don yaron da bai ji ciwo ba ba a ba da labarinsa.

Inna ce ta yi abin da ba a zata ba. Ta shiga ɗakin Yaya ta ɗauko maganin da ya ɓoye, ta ajiye a gaban Baba da kofin ruwa, ta ce ita ta gaji da ɓalla maɓalli. Ya sha. Cikin ɗan lokaci jikinsa ya saki, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, yana cin tuwo da hannunsa. Ya ƙara shekaru masu dama a haka. Don haka mai cewa baƙin ciki ya kwantar da shi, ƙarya yake yi, ko kuwa bai taɓa leƙa shi ba. Ciwon ne ya ci gaba da tafiyarsa, kamar yadda yake yi, har maganin ya fara gazawa. Aska kam bai sake ɗauka ba, kuma ba ni na ƙwace zabirarsa ba. Da kansa ya rataye ta a ƙusa a turaka.

Duk aikin da kuka tashi kuka ga ina yi, daga nan ya samo tushe. Kun sha yi mini tsiya cewa ni likita ne mai yawon ƙauye, ana nemana a ofis ina can gindin bishiya da tsofaffi. Dalili shi ne na gane masu wannan ciwo ba sa zuwa asibiti, don kafin su zo an riga an sa wa abin nasu wani suna. Wani a ce tsufa ne, wani a ce sammu, wani a ce ya fara shaye-shaye a ɓoye, wata a ce girman kai ya hana ta yi wa mutane fara'a. Na bi su gonaki da zauruka, ina tambayar me suka ci, me suka sha, wane feshi suka yi a gona, wa ya taɓa yin irinsa a dangi. Wasu tambayoyin na sami amsarsu, da yawa na bar wa na baya. Ɗalibaina kuwa abin da nake fara gaya musu shi ne su ɗauke ido daga hannun da ke rawa, su dubi mutumin da ke ɗauke da shi.

Abu ɗaya ne karatuna bai yi mini maganinsa ba. Kullum bayan la'asar nakan je in tsuguna in gaishe da Baba, in duba shi, in gyara masa magani. Yakan amsa, yakan miƙo hannu in gwada. Amma maganar ranar nan bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Ciwon ya riga ya shafe masa fuska. Ni da nake koya wa mutane cewa wannan daskarewar ba fushi ba ce, ciwo ne, sai ga ni tsugune gaban mahaifina ina leƙen fuskarsa, na kasa gane ko ciwon ne ko fushin ne. Wannan ya ci mini rai fiye da gabar Yaya da bakin Goggo.

A ƙarshen rayuwarsa, lokacin ka fara zuwa makaranta, na kai ka gaishe shi. Yana kwance, magana sai an kai kunne. Ya yi alama a matso da kai. Na cire maka hula na durƙusar da kai a gefen gado. Ya ɗago hannun nan da ƙyar ya ɗora a goshinka, sai ya shiga jan babban yatsansa a kan gashinka, daga goshi zuwa ƙeya, layi bayan layi, ya bi bayan kunne, ya dawo ɗaya gefen. Inna ta toshe baki da mayafi. Aski yake yi maka, Abba, yadda ya yi wa dubban yara, ba aska a hannunsa. Da ya gama ya hure maka ka kamar yadda yake hure gashi, ya mayar da hannunsa kan ƙirji, yatsun suka ci gaba da rawarsu. Bai dube ni ba. Ko yafiya ce, ko nuna mini yake yi abin da na hana shi, ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai mun haɗu.

Amma ko da zan san fushi ne, ba zan canza ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a ƙofar gidan Alhaji Bala ba. Ban tsinka mahaifina ba. Waɗanda suka mai da ciwonsa abin kallo su suka tsinka shi, ni ɗaga shi na yi daga kan tabarma lokacin da suka tsaya suna kallo. In ka sake komawa Ƙofar Wambai suka zaunar da kai za su ba ka labarin, ka saurare su da ladabi, manyanka ne. In sun gama ka gaya musu ka ji nawa. Ka yi musu bayani a hankali, kalma bayan kalma, yadda ka iya. Harshen da za ka yi maganar da shi, wanda ka tambaye ni da shi ko na ci mutuncin ubana, shi na rungume a cikin zane ranar nan na ƙi miƙawa.